Gyaran maƙalar damisar Sumatra: wane adadi za a saka, kuma wane suna?

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne a nan Bauchi, ina karanta ilimin halittu, kuma ban daɗe da fara gyara a Wikipedia ta Hausa ba. Ina so in inganta maƙalar damisar Sumatra, wadda ake cewa ta kusa ƙarewa a duniya. Matsalata uku ce. Wani wuri na ga an ce saura 400, wani wuri 600. Sunanta na kimiyya ma biyu na gani, sumatrae da sondaica. Sannan da na ƙara sakin layi biyu, washegari na tarar an cire su. Ta ina zan fara, kuma wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Idan na fahimce ka, kana so ka san yadda ake rubutu a kan abin da masanansa ba su tsaya a kan magana ɗaya ba, da yadda rubutun zai zauna ba a share shi ba. Matsalolin nan uku tushensu ɗaya. A kundin sani, duk adadin da ka kawo sai ya zo da abu uku a jikinsa: wanda ya ƙiyasta shi, shekarar da aka yi ƙiyasin, da hanyar da aka bi. Idan ka riƙe wannan, saɓanin 400 da 600 zai daina damunka, domin duka biyun suna da gurbi a maƙalar. Haka ma sunayen biyu. Kuma mai cire rubutu ba zai sami abin kamawa ba.

Wace dabba muke magana a kai

Fara da raba wa mai karatu dabbobi biyu da Bahaushe yake kira da suna ɗaya. Damisar da muka sani a dazukanmu, mai kirarin "damisa ƙi sabo", mai roɗi-roɗi ce, sunanta na kimiyya Panthera pardus. Wadda kake rubutu a kanta mai ratsi-ratsi ce, Panthera tigris, kuma ba ta rayuwa a dajin Afirka ko kaɗan, a Asiya take. Idan jimlar farko ba ta faɗi haka ba, mutumin Alkaleri ko na Dass da ya buɗe maƙalar zai karanta ta har ƙarshe yana ganin damisar da ya sani a ransa. Ka bar taken a "Damisar Sumatra" tunda da shi mutane za su nema, ka buɗe shafin turawa daga "Taigar Sumatra" da kuma daga sunayen kimiyya guda biyu, sannan jimlar farko ta ɗauki nauyin bambancewa. Misali: "Damisar Sumatra wani reshe ne na damisa mai ratsi da ba a samunsa a daji sai a tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a cikin damisoshi masu ratsi da suka rage."

Abubuwan da suka tabbata game da ita, waɗanda ba za ka sha wahalar samun madogararsu ba, su ne: namiji yakan kai kilo 100 zuwa 140, mace kilo 75 zuwa 110. Launinta ya fi na 'yan'uwanta na Indiya duhu, ratsinta ya fi kusa da juna, namijin kuma yana da gashi mai yawa a gefen fuska. Abincinta aladen daji, da babbar barewar da ake kira sambar, da ƙananan barewa da birai. Cikinta kusan wata uku da rabi ne. Tsibirin kansa faɗinsa ya kai kusan rabin Najeriya, amma dajin da ya rage mata a yanke yake kashi-kashi. Manyan wuraren da take su ne gandun dajin Kerinci Seblat da Gunung Leuser, sai Bukit Barisan Selatan da Way Kambas da wasu ƙanana. Ukun farko UNESCO ta haɗa su ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, kuma a 2011 ta mai da su jerin waɗanda ke cikin haɗari. Don ka ji girman abin, Kerinci Seblat ya ninka gandun dajin Yankari na Bauchi kusan sau shida.

Dole maƙalar ta ambaci 'yan'uwanta biyu na tsibiran da ke maƙwabtaka, domin su ne suke nuna dalilin da ya sa ake tsoro. Ta tsibirin Bali ta ƙare. Ta ƙarshe da aka tabbatar an harbe ta ne a 1937. Ta tsibirin Java ita ma ta ɓace tun shekarun 1970. Ta Sumatra kaɗai ta rage a cikin ukun.

Maganar adadi

A nan ne aikin yake, don haka bari in daɗe a kai. Babu wanda ya taɓa jera damisoshin Sumatra ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Dabba ce mai tafiya ita kaɗai, a dajin da rana ba ta cika taɓa ƙasarsa ba, kuma guda ɗaya tana iya riƙe yanki mai faɗin gaske. A da ana dogara da sawu da tambayar mazauna daji da lissafin faɗin dajin. Yanzu ana ɗaure kyamarori a jikin itatuwa, bibbiyu suna fuskantar juna a kan hanyar da dabbobi suke bi, su ɗauki hoto da kansu idan wani abu ya gifta. Ana sa biyu ne saboda ratsin gefen dama ba ɗaya yake da na hagu ba, kuma ratsin kowace damisa nata ne ita kaɗai. Daga yawan waɗanda kyamara ta sake kamawa karo na biyu da na uku ake lissafin yawan waɗanda ba ta kama ba, a fitar da adadinsu a kowane murabba'in kilomita 100. Sai a ninka wannan da faɗin dajin da ake ganin ya dace da su. Ka ga ke nan kuskure yana iya shigowa ta ƙofa biyu, ta lissafin yawa da ta awon daji. Shi ya sa ƙiyasi na gaskiya yake zuwa da ƙasa da sama.

Ga abin da ke hannu. A 1978 an ƙiyasta kusan 1,000. A farkon shekarun 1990 aka yi ƙiyasin 400 zuwa 500, kuma daga nan ne "400" ɗin da kake gani yake ta yawo, ana kwafarsa daga rubutu zuwa rubutu ba a faɗin shekarunsa. Tantancewar 2008 ta IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta ba da 441 zuwa 679. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature Communications a 2017 ya ƙiyasta 618 a shekarar 2012, da ragi ko ƙarin 290, wato adadin yana iya zama ko'ina tsakanin 328 da 908. Lura da wannan na ƙarshe: an buga shi a 2017, amma adadin na 2012 ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki shekarar bugu a liƙa wa adadin.

Akwai tarko na biyu. Wanda ya jera 400 na shekarun 1990 kusa da 618 na 2012 zai ce ai sun ƙaru. Ba haka ba ne, hanyar ƙirgar ce ta canza. Shi wannan binciken na 2017 da kansa ya nuna raguwa tsakanin 2000 da 2012 saboda sare daji, ko da yake ya sami ƙaruwar yawansu a cikin gandun dajin da ake tsaro sosai. Don haka kada ka haɗa ƙiyasi biyu da aka yi ta hanyoyi daban ka fitar da hukuncin kanka. Wannan shi ne abin da Wikipedia take kira binciken kai, kuma haramun ne a can ko da lissafinka ya yi kama da hankali. Na uku, ka duba ko madogarar tana maganar dukkan damisoshi ne ko balagaggu masu iya haihuwa kawai, domin IUCN da balagaggu take yanke hukunci, kuma adadinsu ya fi ƙanƙanta. Na huɗu, kada ka haɗa na gidajen namun daji da na daji a lissafi ɗaya.

Yadda zan so ka rubuta shi ke nan: a gabatarwa ka ce ana ƙiyasin ɗaruruwa kaɗan ne suka rage a daji, ka kawo ƙiyasi ɗaya da shekararsa da madogararsa. A sashen "Yawansu" kuma ka jero ƙiyasin bisa tsarin shekaru, kowanne da mai shi, ka ƙara jimla ɗaya mai cewa hanyoyin ƙirgar sun bambanta. Kalmomin "yanzu", "a halin yanzu" da "kwanan nan" ka guje su, domin maƙala tana daɗewa fiye da adadin da ke cikinta.

Matsayin haɗari ma yana son kulawa. Jerin IUCN yana da matakai, kuma biyu daga ciki ne ake yawan cakuɗawa a Hausa: EN, wato mai fuskantar barazanar ƙarewa, da CR, wato wadda take gab da ƙarewa, matakin da daga shi sai ɓacewa daga daji. Damisa mai ratsi a jimlace tana EN. Tantancewar 2022 ta ƙiyasta 3,726 zuwa 5,578 a dazukan duniya. Ta Sumatra kuwa CR ce. Idan ka rubuta "tana cikin haɗari" ka yi shiru, ka shafe wannan bambancin. Ka rubuta bayanin da Hausa ka sa harufan biyu a gefensa.

Sunaye biyun

Dukansu daidai ne, kowanne a wurin masu shi. Masanin dabbobi ɗan Ingila Reginald Pocock ne ya raɗa mata Panthera tigris sumatrae a 1929, bisa fata da ƙoƙon kai da ya bincika, kuma an daɗe ana lissafa ta a matsayin reshe mai zaman kansa. A 2015 wani bincike ya ce bambancin da ke tsakanin rassan bai kai a raba su da yawa haka ba, biyu sun isa. A 2017 kwamitin masana dangin kyanwa na IUCN ya karɓi wannan: duk na babban yankin Asiya suka zama Panthera tigris tigris, na tsibiran Sumatra da Java da Bali suka zama Panthera tigris sondaica. Aka ɗauki sondaica saboda ƙa'idar raɗa suna ta ce idan an haɗe rukuni biyu, sunan da ya riga shi ke zama, kuma masanin dabbobi Temminck ya raɗa wa damisar Java wannan sunan tun 1844. Sai kuma a 2018 wani binciken da ya duba dukkan ƙwayoyin gadon damisoshi 32 ya goyi bayan rassa shida masu rai, ta Sumatra a cikinsu da sunanta na da.

Saboda haka sashen "Rabe-rabe" ya ba da labarin nan kamar yadda ya faru, da shekarunsa, ba tare da ka ce wane ya yi gaskiya ba. A akwatin bayani na gefe ka sa ɗaya, ka ambaci ɗayan a jimlar farko ko ta biyu. A ganina bin rabon 2017 a akwatin ya fi sauƙin karewa tunda na kwamiti ne, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kada akwatin ya faɗi ɗaya, jikin maƙalar ya faɗi wani ba bayani. Wajen rubutawa, kalmar farko ce kaɗai take ɗaukar babban baƙi, sauran biyun ƙanana, kuma duka a karkace ake buga su.

Me ya sa aka cire rubutunka

Kafin ka ji haushi, buɗe tarihin shafin. Can za ka ga wanda ya cire, da lokacin, da dalilin da ya rubuta. A irin wannan maƙala dalilan ba sa wuce huɗu. Ko dai babu madogara. Ko an kwafo rubutun wani kai tsaye, wanda fassara shi kalma da kalma ma ba ta halatta shi. Ko fassarar inji ce ba a gyara ba. Ko kuma muryar rubutun ta wa'azi ce. Na ƙarshen nan yana kama masu son dabbobi sosai. "Abin takaici, azzaluman mafarauta suna kashe wannan kyakkyawar halitta" magana ce da zuciya take yarda da ita, amma kundin sani ba ya ɗaukarta. Ka rubuta abin da ake yi da wanda ya ruwaito shi: ana sare daji don gonakin kwakwar manja da na itacen da ake yin takarda, ana ɗana tarkon waya, wani don ita, wani don aladen daji da barewa amma ya kama ta, ana fataucin fatarta da ƙashinta da haƙoranta duk da cewa tana jadawali na farko na yarjejeniyar CITES, wanda ya hana cinikinta tsakanin ƙasashe, kuma dokar Indunusiya ta 1990 ta ba ta kariya, akan kuma kashe ta idan ta kama dabbobin manoma. Gaskiyar da aka jera haka ta fi taɓa mai karatu. Kuma kada ka kama sunan wani kamfani da laifin sare daji sai da madogara mai ƙarfi wadda ta faɗi hakan ƙarara.

Idan ka ga an cire bisa kuskure, kada ka mayar da shi nan take. Je shafin tattaunawar maƙalar ka yi sallama, ka kawo madogararka, ka ambaci sunan wanda ya cire don saƙon ya kai masa. A Wikipedia ta Turanci doka ce cewa wanda ya mayar da gyara fiye da sau uku cikin awa 24 ana iya toshe shi, kuma ladabin da ke bayan dokar ya shafi kowane harshe.

Game da fassara daga maƙalar wani harshe, ya halatta, domin lasisin CC BY-SA da rubutun Wikipedia yake ƙarƙashinsa ya yarda, da sharaɗin ka faɗi inda ka ɗauko a taƙaitaccen bayanin gyara. Amma inji yana yi wa Hausa ɓarna iri biyu da za ka riƙa farauta: yana juya jinsi a tsakiyar jimla, damisa ta fara da "ta" ta ƙare da "ya", kuma yana ɗaukar ma'anar da ba ita ba a kalmomin fanni, har gandun namun daji ya koma wurin wasa. Abin da ya fi shi ne ka karanta sakin layi, ka rufe shi, ka rubuta abin da ka fahimta da Hausar da za ka yi wa abokin karatunka bayani. Kuma duk madogarar da ka ɗauko daga can ka buɗe ta da kanka ka ga ta faɗi abin da aka jingina mata, domin ba kullum take faɗa ba.

Madogara da hoto

Madogara hawa-hawa ce. A sama akwai shafin dabbar a jerin IUCN da maƙalun mujallun kimiyya da masana suka tantance. Ƙasa da su rahotannin hukumar kula da dazuka ta Indunusiya da na ƙungiyoyi irin su TRAFFIC, mai bin diddigin fataucin namun daji. Jaridu suna da amfani ga abin da ya faru a rana kaza, amma kada ka ɗauki adadi daga jarida idan za ka iya kaiwa ga binciken da ta ɗauko. Shafukan neman tallafi sukan zagaye lamba. Facebook da TikTok da wata maƙalar Wikipedia ba madogara ba ne. Jerin IUCN da Nature Communications kyauta ake karanta su. Na kuɗi kuma, idan asusunka ya kai wata shida da gyara 500, kana iya shiga Wikipedia Library, ɗakin karatun intanet na editocin Wikipedia, ka karanta da yawa daga cikinsu ba ka biya ba. Wajen sakawa, ka ba da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙalar kimiyya a intanet, idan akwai, da ranar da ka duba shafin, ka sa alamar madogarar a ƙarshen jimlar da take tallafa wa, ba a tara su duka a gindin sakin layi ba.

Hoto daga Wikimedia Commons, rumbun hotunan Wikipedia, kawai, ba daga binciken Google ba. Karanta bayanin hoton kafin ka saka. Farar damisa ba ta Sumatra ba ce, launi ne da ke fitowa a ta Bengal. Mai roɗi-roɗi kuwa ka riga ka san ba ita ba ce. Yawancin hotuna masu kyau a gidajen namun daji aka ɗauke su, to ka faɗi haka a ƙarƙashin hoton, da sunan garin. Taswirar yankin da take ita ma ka duba shekararta. Sannan ka leƙa Wikidata, shafin da ke haɗa maƙalun harsuna daban-daban a kan abu ɗaya, ka tabbatar maƙalar Hausa tana haɗe da abin da ya shafi ta Sumatra, ba da damisa mai ratsi a jimlace ba, ba kuma da tamu ba. Idan haɗin ya karkace, mai neman maƙalar daga wani harshe zai faɗa wani wuri.

Yanayin aikinmu a nan ya sa zan ƙara wannan. Yi rubutun a shafin gwajinka tukuna, ko a wayarka ba tare da intanet ba, don kada wuta ko data ta yanke maka aikin awa biyu. Ka wallafa sashe-sashe, kowane gyara da bayaninsa a layi ɗaya, saboda idan wani ya ga matsala a ɗaya ya cire shi kaɗai. Sa allon rubutu na Hausa a wayar domin ɓ, ɗ, ƙ su fito. "Ƙashi" da aka rubuta ba ƙugiya ya zama wata magana dabam a sashen fatauci.

Akwai iyakar abin da maƙalar za ta iya. Tantancewar da ta ba ta matsayin CR da adadin 441 zuwa 679 ta 2008 ce, ƙiyasin 618 na 2012 ne, daji kuwa bai tsaya yadda yake ba tun lokacin. Maƙala mai gaskiya za ta nuna shekarun ƙiyasin a fili, ta bar mai karatu ya gane cewa tsofaffi ne. Abin da ka ji a aji ko ka gani a bidiyo, komai ingancinsa, ba ya shiga sai an buga shi a inda wani zai iya dubawa.

Kada ka cusa Yankari a cikin wannan maƙalar, ba gurbinsa ba ne. Amma idan ka gama, aikin da ka koya yana jiranka a gida. Zakin Afirka ta Yamma shi ma IUCN ta sa shi a CR a 2015, kuma binciken da aka buga a 2014 ya same shi a wurare huɗu kacal a duk yankin, biyu a Najeriya: Yankari da gandun dajin tafkin Kainji. A wannan maƙalar kai kake da abin da editan Turai ba shi da shi, domin kana iya zuwa Yankari ka ɗauki hoton daji da na dabbobinsa da kyamararka ka ɗora a Commons da lasisinka. Ita kuwa ta Sumatra, bayan ka wallafa ka sa ta a jerin shafukan da kake sa wa ido, kuma duk lokacin da sabon ƙiyasi ya fito ka ƙara shi a ƙasan na baya da shekararsa, kada ka goge tsohon.